Yadda Za Ka Koya Wa Sabbin Ɗalibai Neman Bayani a Laburaren Jami'a

Shekarar da aka fara damƙa mini sabbin ɗalibai, abin da na tarar ana yi shi na yi. Na sa su a gaba rukuni-rukuni, muka zaga laburare tun daga ƙofar shiga har bene na sama. Ga wurin ajiye jaka, ga sashen aron littafi, ga ɗakin mujallu, ga na kundayen digiri, ba a amsa waya, ba a ninke shafi. Minti arba'in ina zuba suna gyaɗa kai. Na koma ofis ina jin na sauke nauyi.

Bayan mako biyar sai ga wata yarinya daga cikinsu a teburin tambaya. Ta tsaya nesa kaɗan tana murza takarda a hannu, sai da na ce ta matso. Ta ce, "Malam, don Allah jinga aka ba mu, jibi za a karɓa, kuma na duba babu komai a kan batun." Na karɓi takardar. Batun rashin barci ne da yadda yake shafar karatun ɗalibai. Na tambaye ta me ta rubuta a kwamfutar. Ashe tambayar malamin ta kwafe ɗungurungum, kalma ashirin da wani abu, har da "tattauna tare da kawo misalai", ta zuba cikin katalog, wato jerin littattafan laburare da ke cikin kwamfuta. Katalog ya ce mata babu, ita kuma ta yarda da shi. Ta san inda matattakala take, ta san ƙarfe nawa muke rufewa, amma abin da ya kawo ta ban koya mata ko ɗaya ba.

Abin da ya ɓace mata yana da suna a wurin masu sana'ar laburare, da Turanci suna ce masa information literacy, a Hausa dai ina kiransa sanin makamar bayanai. Wani Ba'amurke, Paul Zurkowski, ya fara amfani da sunan a wani rahoto na 1974. A 1989 ƙungiyar laburarori ta Amurka ta fayyace shi da cewa mutum ya gane lokacin da yake buƙatar bayani, ya iya nemo shi, ya iya auna ingancinsa, sannan ya iya aiki da shi. Babu ɗaya cikin huɗun nan da ake koya da yawon buɗe ido. Ga yadda nake yi yanzu, bayan faɗuwa da tashi.

Kada ka ƙone harsashinka a makon farko

A makon karɓar sabbin ɗalibai hankalinsu yana kan rajista, da neman ɗakin kwana, da gano inda ake lacca. Duk abin da ka faɗa ta bayan kunne zai bi. Ka yi zagayen, amma kada ya wuce minti goma sha biyar, kuma buri ɗaya ya ishe ka: su riƙe fuskarka da inda teburinka yake. Darasi na gaskiya ka ajiye shi sai an ba su jinga ta farko, kamar kwana goma kafin ranar miƙawa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ɗalibin da ke da tambaya a aljihu da wa'adi a wuya ba sai ka roƙe shi ya saurara ba.

Wannan ba zai yiwu ba sai ka taka da kanka zuwa ofishin malamin da ke koyar da kwas ɗin. Takarda daga ofis zuwa ofis ba ta haifar da komai, na gwada. Ka je ka gaisa, ka ce, "Ranka ya daɗe, wace jinga za ka ba 'yan aji ɗaya bana, kuma me ya fi ba ka haushi in kana duba aikinsu?" Tambaya ta biyun ita ke buɗe baki. Za ka ji ana cewa duk daga shafi ɗaya suke kwafowa, ko manazartarsu ba kai ba gindi. Sai ka nemi ya ba ka awa ɗaya daga lokacin laccarsa, kuma ka roƙe shi ya zauna a ajin. In ya tsaya, ɗalibai sun san abin yana da maki. In ya gabatar da kai ya fice, rabinsu sun bi shi da zuciya.

Kafin ranar, ka zauna ka yi jingar da kanka, da kayan da laburarenku yake da su a yau. Na taɓa shiga aji da gadara, na buɗe wani rumbun bayanai, wato ma'ajiyar maƙalun masana ta intanet, a majigi gaban mutum tamanin, sai ga sanarwa cewa kuɗin rajistarmu ya ƙare tun watan jiya. Ban sake shiga aji ba tare da na gwada kowace kalmar sirri da safiyar ranar ba.

Abu biyu, ko uku in ya yi yawa

Jarabar ma'aikacin laburare ita ce ya juye duk abin da ya sani cikin awa ɗaya, don yana tsoron ba zai sake ganin waɗannan fuskoki ba. Ƙungiyar laburarorin kwalejoji da bincike ta Amurka ta amince da wani tsari a 2016 mai ginshiƙai shida, takwararta ta Birtaniya da Ailan kuma tana da nata mai bakwai tun 1999. Suna da amfani wajen tsara abin da ɗalibi zai koya cikin shekara huɗu. Kada ka ɗora su a majigi gaban ɗan aji ɗaya. Ni abu uku nake ɗauka: yadda ake mayar da tambaya kalmomin nema, yadda ake gano wa ke magana kafin a yarda da shi, da yadda ake ajiye adireshin abin da aka samo. Kuma a kowanne, maganata ba ta wuce minti biyar, sauran lokacin hannunsu ne ke aiki.

Amma kafin ukun, akwai tsoro. A 1986 Constance Mellon ta wallafa bincikenta kan rubuce-rubucen ɗalibai kusan 6,000 a wata jami'ar Amurka, ta gano kashi 75 zuwa 85 cikin ɗari da kalmomin fargaba suka kwatanta haɗuwarsu ta farko da laburare. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a ciki shi ne kowane ɗalibi yana zaton shi kaɗai ne bai iya ba, saboda haka yana ɓoye jahilcinsa maimakon ya tambaya. Yarinyar nan da ta tsaya nesa da teburina ke nan. Don haka nake buɗe aji da cewa, "Wa ya taɓa shigowa nan ya zaga ya fita bai sami abin da yake nema ba?" Ni ne nake fara ɗaga hannu. Sai ka ga hannuwa suna tashi a hankali, ana dariya, kafaɗu suna sauka. Sannan in gaya musu albashina na amsa tambaya ne, wanda ya tambaye ni bai katse mini aiki ba, aikin ya kawo mini.

Mayar da tambaya kalmomin nema

Ka rubuta tambayar jingar a allo, ka miƙa wa ɗalibi ɗaya alli ya soke duk kalmar da ba ta ɗauke da ma'anar batun. "Tattauna" ta tafi, "tasirin" ta tafi, "tare da kawo misalai" ta tafi. A tambayar yarinyar nan abu uku suka rage: barci, ɗalibai, sakamakon karatu. Sai ka ja layi uku, a ƙarƙashin kowace kalma su kawo 'yan'uwanta. Barci: rashin barci, kwana ido biyu, gajiya. Sakamako: maki, jarrabawa, ƙwazo. Da harshen da aka rubuta maƙalun za su yi wannan, don kwamfuta ba ta fassara niyya, haruffa take kamawa. A nan ne ɗalibi ke fara gane cewa marubucin da yake nema wataƙila da wata kalma ya kira abin.

Daga nan sai umarni uku da yawancin rumbunan bayanai ke ji, waɗanda asalinsu ke komawa ga lissafin George Boole na ƙarni na 19. AND yana matse sakamako, don sai kalmomin biyu sun haɗu a maƙala ɗaya. OR yana faɗaɗawa, shi ake sawa tsakanin 'yan'uwan kalma. NOT yana korewa, kuma ina gargaɗinsu da shi, don yakan kori mai amfani tare da marar amfani. Ba na zana musu da'irori. Ina cewa duk mai riga shuɗiya ya miƙe, sannan mai riga shuɗiya kuma mai tabarau ya ci gaba da tsayuwa. Daga mutum ashirin sai a koma uku. Sun ga AND da idonsu. Sai ƙananan dabaru biyu: in ka sa jimla cikin alamar zance za a nemo ta a jere yadda ka rubuta, in kuma ka yanke kalma ka sa alamar tauraro, yawancin rumbuna za su kamo duk rassanta, kamar a ce ɗalib* ta kamo ɗalibi da ɗaliba da ɗalibai.

Sai su gwada, kowa da wayarsa ko kwamfutar da ke gabansa, kai kuma kana zagawa. Ka nuna musu ƙofa biyu ko uku kawai. Katalog don littattafai. Rumbu ɗaya da ya dace da fanninsu, PubMed ga masu lafiya misali, ko JSTOR in jami'arku tana biya. Sai Google Scholar, sashen Google na neman rubuce-rubucen masana, wanda ya fito a 2004 kuma kyauta ne. Kada ka zagi Google a gabansu, sun san kai ma kana amfani da shi. Ka dai nuna musu mahaɗin da ke ƙarƙashin kowace maƙala a Google Scholar, mai jero waɗanda suka kafa hujja da ita daga baya. Manazartar maƙala tana kai ka baya, wannan mahaɗin yana kai ka gaba. Maƙala ɗaya mai kyau ta isa ta haifar maka goma. Wanda ya ci karo da maƙalar da aka ce sai ya biya, ka hana shi zaro kati, ka ce ya fara tambayar laburare, sannan ya leƙa DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta da aka buɗe a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003. Jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da yawa kuma suna da damar shiga Research4Life, shirin da ke buɗe musu mujallun masana kyauta ko da rahusa, sai dai sau da yawa kalmar sirrin tana kwance a durowar wani, ɗalibai ba su ma san da ita ba.

Littafin takarda ma kada ka tsallake shi. Ka ba kowane mutum biyu lambar littafi ɗaya, su je su ɗauko shi cikin minti biyar, su zo da maƙwabcinsa na dama. Ko tsarin Dewey kuke bi, mai rukunai goma daga 000 zuwa 900, ko na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka mai haruffa, inda L ke nufin ilimi, Q kimiyya, R likitanci, darasin ɗaya ne: lambar adireshi ce, kuma littattafai masu batu ɗaya maƙwabtan juna ne a kanta. Sau da yawa maƙwabcin ya fi wanda aka je nema amfani.

Wa ke magana?

A nan nake kashe mafi yawan lokacina, kuma a nan na fi canza ra'ayi. Shekaru na yi ina raba wata takardar tambayoyi, irin wadda aka tsara a laburaren Jami'ar Jihar Kalifoniya da ke Chico a 2004: yaushe aka rubuta, ya dace da batunka, wa ya rubuta, daidai ne, mene ne manufarsa. Tambayoyin ba su da laifi. Matsalar ita ce ɗalibi yana neman amsarsu a cikin shafin intanet ɗin da yake tuhuma. Kamar ka tambayi mai talla ko kayansa na da kyau.

Abin da ya juya ni shi ne gwajin da Sam Wineburg da Sarah McGrew suka yi a Jami'ar Stanford, wanda suka fitar a 2017. Sun zaunar da masana tarihi 10, da ƙwararrun masu tantance labarai 10, da ɗalibai 25, suka nuna musu shafukan ƙungiyoyi biyu na likitocin yara a Amurka masu suna kusan iri ɗaya. Ɗaya babba ce mai mambobi fiye da 60,000, ɗayar ƙarama ce da ta ɓalle a 2002 saboda saɓanin aƙida. Dukansu suna da tambari mai kyau, da harshen masana, da manazarta a ƙasa. Yawancin ɗaliban ƙaramar suka fi amincewa da ita, masana tarihin ma da dama sun yi tuntuɓe, don sun tsaya suna karanta shafin daga sama zuwa ƙasa. Masu tantance labaran kuwa ko minti ɗaya ba su yi a shafin ba. Sun fice, suka buɗe wasu shafuka a gefe, suka nemi abin da wasu ke faɗa game da ƙungiyar, kuma dukansu suka gane gaskiya cikin ɗan lokaci.

To, haka nake sa ɗalibaina su yi. Ina zaɓo shafuka biyu kan batun jingarsu, ɗaya na kirki, ɗaya mai ado amma da lauje cikin naɗi, misali na kamfanin da ke sayar da maganin barci yana rubutu kamar cibiyar bincike. In ba su minti biyu su zaɓa ba tare da sun bar shafin ba, mu ƙirga hannuwa. Sannan in ba su wasu minti biyun in ce su fita su binciki mai shafin. Mu sake ƙirgawa. Shirun da ke biyo bayan ƙirga ta biyu ya fi duk wata lacca da zan yi. Kuma a nan Wikipedia take da rana. Ba na hana su ita. Ina cewa su shiga don su san wane ne wane, su gangara ƙasa su bi madogaran, amma kada a kwana a can.

Ka kuma gaya musu cewa ko mujallar masana ba wahayi ba ce. Bitar da masana ke yi wa maƙala kafin a buga ta matata ce, tana rage tsakuwa, ba ta hana wata wucewa. Mujallar The Lancet ta buga wata maƙala a 1998 da ta danganta allurar rigakafin ƙyanda da wata larura ta yara, aka gano aikin ba gaskiya ba ne, aka janye ta a 2010, amma har yau ana iya cin karo da masu kafa hujja da ita. Akwai kuma mujallun bogi da ke buga komai in an biya su. Ɗan aji ɗaya ba zai ƙware a gane su ba cikin awa ɗaya. Ya ishe shi ya san akwai su, ya kuma san teburin da zai zo ya tambaya.

Na'urar da ke amsa komai

Tun da ChatGPT, manhajar da ake yi wa tambaya ta amsa a rubuce, ya fito a ƙarshen 2022 aikin teburina ya sauya. Yanzu ɗalibi yakan zo da jerin maƙalu biyar, sunan marubuci, shekara, mujalla, har da lambar shafi, ya ce in taimaka masa ya samo su. Mu nema mu rasa, don wasunsu ba a taɓa rubuta su ba. Irin waɗannan manhajoji kalma mai dacewa da ta gabanta suke jerawa, saboda haka suna iya ƙera madogara mai kama da ta gaske sak. Ba ɗalibai kaɗai abin ke kayarwa ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in da babu su, waɗanda ChatGPT ya ƙirƙiro musu.

Wa'azi ba ya aiki a nan. A gabansu nake tambayar manhajar maƙalu kan batun jingar, in raba wa kowane layi ɗaya, su nemo ta a Google Scholar, ko su kwafi lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, wadda kullum take farawa da 10, su liƙa a doi.org su ga inda za ta kai su. Wata tana nan, wata tana nan amma ba abin da aka ce ta faɗa ta faɗa ba, wata kuma babu ita sam. Dokar da nake ba su gajera ce: abin da ba ka buɗe da hannunka ka karanta ba, kada ya shiga manazartarka. Ko an yarda a yi amfani da manhajar a jingar, wannan hukuncin malamin kwas ne, shi ya sa nake son yana zaune a ajin ya faɗa da bakinsa.

Ajiye adireshi

Wannan ba na daɗewa a kansa. Yawancin satar fasahar da nake gani a aji ɗaya ba mugunta ba ce, sakaci ne: ɗalibi ya kwafo sakin layi ranar Litinin, zuwa Alhamis ya manta ba nasa ba ne. Maganin shi ne a rubuta marubuci, shekara, take, maɗaba'a ko mujalla, da shafi a daidai lokacin da aka samo abu, kuma duk kalmar da aka kwafo a sa ta cikin alamar zance nan take. Waƙafi da aya na salon jera manazarta, na APA ne ko wani, manhajar Zotero za ta jera musu kyauta, sai dai su duba bayanta, don in ta kwaso suna a karkace haka za ta zuba shi.

Minti uku na ƙarshe ina raba 'yar takarda, kowa ya rubuta abu ɗaya da ya koya da abu ɗaya da har yanzu bai gane ba, ba suna. Da dare nake karanta su. Daga nan na gano kalmar "tsakure" da nake ta maimaitawa rabin aji ba su san taƙaitaccen bayanin da ke saman maƙala nake nufi ba, kuma ba wanda ya ɗaga hannu ya tambaya. Bayan an duba jingar kuma ina komawa wurin malamin in roƙi aron ayyuka goma, in buɗe shafin manazarta kawai. In na ga mujalla biyu da littafi ɗaya inda bara adireshin intanet ne zalla, na san wane sashe na darasin ya kama. In na ga duk goman maƙala ɗaya suka kawo, wadda na yi misali da ita a majigi, to badi da wani batun daban zan yi misalin.